Yadda Ake Tsara Kwas ɗin Digiri na Biyu Kan Kamfanonin Ƙasa-da-Ƙasa

Shekarar da aka fara danƙa mini wannan kwas, na yi abin da kusan kowane sabon malami yake yi. Na ɗauko wani ƙaton littafi mai babi goma sha shida, na ba kowane mako babi ɗaya, na ce an gama. Kafin mako na tara ya ƙare babi uku sun taru a kaina ban koyar ba. Ɗalibai kuwa sun haddace sunayen masana tsaf, amma ranar da na tambaye su me ya sa kamfani zai je wata ƙasa ya gina masana'anta alhali yana iya loda kayansa a jirgi ya aika, sai ajin ya yi tsit. Tun daga nan na sauya hanya, kuma ita ce zan bi da kai a nan daki-daki.

Ka fara da kalanda, ba da littafi ba

Ka ɗauko kalandar jami'a ta zangon da za ka koyar, ka ƙirga makonnin da za ka shiga aji da gaske. A takarda za a ce mako goma sha huɗu ne ko sha biyar. Ka cire makon farko, domin rabin ɗalibai ba su gama rajista ba, waɗanda suka zo kuma ba su karanta komai ba. Ka cire ranakun hutu da suka faɗo a ranar ajinka, da ranar da kai kanka za ka yi tafiya taro, da makonni biyun ƙarshe na gabatar da aiki. Abin da zai rage maka na koyar da sabon abu da wuya ya wuce zama goma. A kan goman nan za ka yi gini.

Daga nan ka lissafa sa'o'in ɗalibi. A tsarin kiredit na Turai, kiredit ɗaya yana nufin aikin sa'a 25 zuwa 30, har da na aji da na gida. Kwas mai kiredit 6 ke nan yana cin sa'a 150 zuwa 180. Idan ajinka sa'a uku ne a mako har mako 14, an ci sa'a 42. Ka ware wa aikin bincike na ƙarshe sa'a 40. Saura sa'a 68 zuwa 98, wato kusan sa'a biyar zuwa bakwai a kowane mako. Maƙalar mujallar bincike guda, idan karatun natsuwa za a yi mata, takan ci sa'a biyu ko fiye. Saboda haka maƙala biyu da labarin kamfani ɗaya, wato nazarin wata shawara da wani kamfani ya yanke, sun cika mako. Wanda ya jibga maƙala biyar a mako kansa yake yaudara: ɗalibai za su karanta gabatarwa da kammalawa, su zo su yi ta gyaɗa kai.

Su wane ne za su zauna a gabanka?

Wannan tambaya ce gajera amma tana sauya komai. Masu digirin harkokin kasuwanci, waɗanda galibi ma'aikata ne, suna son su san yadda ake yanke shawara, don haka labaran kamfanoni su fi yawa. Masu shirin digirin digirgir suna buƙatar asalin maƙalun da hanyoyin bincike. Idan gauraye ne, kuma sau da yawa haka ne, ka aika musu tambayoyi biyar kafin a buɗe zango: me suka karanta a digirin farko, sun taɓa karanta rahoton kuɗi na kamfani, sun iya ƙididdiga, suna aiki, wane kamfani yake ba su sha'awa. Amsar tambaya ta biyu ita za ta gaya maka ko sai ka ware sa'a ɗaya a mako na biyu don koyar da yadda ake karanta rahoton shekara.

Tambaya ɗaya, aiki ɗaya

Kafin ka rubuta sunan darasi ko ɗaya, ka tsayar da tambayar da kwas ɗin zai riƙa komawa gare ta. Tawa ita ce: me ya sa kamfani yake zaɓar ya mallaki aiki a wata ƙasa ya kuma juya shi da kansa, maimakon ya sayar da kaya daga gida ko ya ba wani lasisi, kuma wa ke cin ribar wannan zaɓi, wa ke ɗaukar nauyinsa? Duk darasin da bai taimaka wajen amsa ta ba, komai daɗinsa, ka ajiye shi. Ni da kaina na sha jefar da darasin canjin kuɗi, ba don ba shi da amfani ba, sai don akwai kwas ɗin da ya fi cancanta da shi.

Sannan ka tsara aikin ƙarshe tun yanzu. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne kowane ɗalibi, ko kowane mutum biyu, su ɗauki kamfani ɗaya a mako na biyu su bi shi har ƙarshen zango. Sharaɗi biyu ne: ya zama yana da rassa a ƙasashe da dama, kuma yana wallafa rahoton shekara da kowa zai iya samu. Duk ra'ayin da aka koya a aji, sai ɗalibi ya gwada shi a kan kamfaninsa ya ga ko ya zauna. Kada ka bari mutum biyar su ɗauki Apple. Ka yi jeri, wanda ya riga ya riga, kuma ka tabbata akwai masu haƙar ma'adinai, da bankuna, da kamfanonin sadarwa irin su MTN, da masu kayan masarufi irin su Nestlé da Unilever. Bambancin sana'o'in shi ke kawo gardama mai amfani.

Jera makonni

Mako na ɗaya da na biyu na ma'ana ne da alƙaluma. Ɗalibai su san cewa a ƙa'idar Asusun Ba da Lamuni na Duniya da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ana kiran jari da jarin waje na kai tsaye idan mai shi ya riƙe kashi 10 cikin 100 ko fiye na ƙuri'un kamfanin da ke wata ƙasa. Abin da bai kai haka ba ana ɗaukarsa jarin neman riba kawai, ba na juya kamfani ba. Ka sa su buɗe rahoton zuba jari na duniya da UNCTAD, hukumar ciniki da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya, take fitarwa duk shekara tun 1991, su bambance jarin da ya shiga a shekara ɗaya da wanda ya taru tsawon shekaru. Za su yi mamakin ganin ƙananan ƙasashe irin su Holan da Lukzambag a sahun gaba. Kada ka ba su amsa a ranar. Ka ce su riƙe mamakin sai makon haraji. Tarihi kuwa rabin sa'a ya ishe shi: kamfanin Holan na Gabashin Indiya da aka kafa a 1602, masana'antar keken ɗinki ta Singer a Gilasgo a 1867, sai haɗewar da ta haifi Unilever a 1929.

Mako na uku zuwa na biyar su ne ƙashin bayan kwas ɗin, kuma nan ne bai kamata ka yi gaggawa ba. Ka bi ra'ayoyin bisa tarihinsu, domin kowane ɗaya amsa ce ga giɓin da na gabansa ya bari, ɗalibi kuma yakan fi riƙe gardama a kan jerin sunaye.

Ka fara da Stephen Hymer, wanda ya kammala kundin digirinsa a jami'ar MIT ta Amurka a 1960, ba a buga shi ba sai 1976, bayan rasuwarsa. Kafin shi ana ganin jari yana bin inda kuɗin ruwa ya fi tsoka ne kawai. Shi ya nuna cewa kamfanoni suna fita ne don su riƙe ragamar aiki, kuma tunda baƙo ne a ƙasar mutane, bai san doka ba, bai san kasuwa ba, dole ya zo da wani fifiko da 'yan gida ba su da shi. Sai Raymond Vernon a 1966, wanda ya ce kaya yana da shekaru kamar mutum: ana ƙirƙirarsa a ƙasa mai arziki, a sayar da shi waje, idan ya zama gama-gari sai masana'antar ta koma inda aiki ke da araha. Ka tambayi ajin ko wannan ya dace da wayar hannu da ake fitarwa a ƙasashe da yawa rana ɗaya. Za su gano iyakarsa da kansu.

Zama na gaba na Peter Buckley da Mark Casson ne, 1976, waɗanda suka ɗora a kan tunanin Ronald Coase na 1937 kan dalilin da ya sa kamfani yake yin wasu ayyuka a cikin gida maimakon ya saya a kasuwa. Nan ɗalibai suka fi shan wuya, don haka nakan kawo abin kusa. Nakan ce wa ɗaya: kai ne mai sirrin haɗa wani magani, wannan kuma yana so ka ba shi lasisi. Ku yi ciniki a gabanmu. Mai saye zai ce a nuna masa sirrin kafin ya san abin da zai biya, mai sayarwa zai ce idan na nuna maka me kuma za ka biya? Minti biyar suna ja-in-ja, cinikin ya watse, ajin ya fahimci dalilin da ya sa kamfani yake gwammace ya buɗe reshensa ya riƙe iliminsa a cikin gida. Bayan wannan, tsarin John Dunning na 1977, wanda ake kira OLI, ba ya buƙatar dogon bayani. Turaku uku ne: abin da kamfani ya mallaka, abin da wurin yake da shi, da dalilin riƙe aikin a hannu. Ka rufe da ra'ayin Uppsala na Jan Johanson da Jan-Erik Vahlne, shi ma 1977, wanda suka gina a kan kamfanonin Suwidin: kamfani yana fita ne sannu a hankali, daga ƙasashen da suka yi kama da tasa zuwa na nesa, daga wakili zuwa ofishin sayarwa zuwa masana'anta.

A ƙarshen mako na biyar ka karɓi shafi biyu daga kowa: wane ra'ayi ne ya fi bayyana fitar kamfaninka ta farko, wanne ne ya gaza? Wannan ɗan aikin shi ke nuna maka wanda aka bari a baya tun akwai sauran lokaci.

Mako na shida da na bakwai na hanyoyin shiga kasuwa ne da nisan da ke tsakanin ƙasashe: fitar da kaya, lasisi, haɗin gwiwa, sayen kamfanin da ke ƙasa, ko gini daga tushe. Tsarin Pankaj Ghemawat na 2001 ya raba nisa gida huɗu, na al'ada, na mulki da doka, na ƙasa, da na tattalin arziki, kuma yana da sauƙin aiki da shi. Labarin da nake so a nan shi ne na Walmart, kamfanin shaguna na Amurka, a Jamus. Ya shiga a 1997 da sayen shagunan Wertkauf, ya ƙara da na Interspar a 1998, sannan a 2006 ya sayar da shagunansa 85 ga Metro ya fice. Kamfani ne mai fifiko na gaske a gida, ga kuɗi, amma ya tarar da Aldi da Lidl sun riga sun mamaye kasuwar araha, ga dokokin aiki da ɗabi'ar masu saye da ba irin na Amurka ba. Binciken Geert Hofstede na 1980 a kan bambancin al'adun ƙasashe tsakanin ma'aikatan IBM yana da wuri a nan, amma ka haɗa shi da sukar da aka yi masa, in ba haka ba ɗalibai za su riƙa rataya wa al'ada duk abin da suka kasa bayyanawa.

Mako na takwas ka bar shi fili. Kada ka rubuta masa darasi. Wani abu zai ci maka zama ɗaya, ko rashin lafiya, ko hutu na ba-zata, ko gardamar da ta yi daɗi ta ƙi ƙarewa. Idan babu abin da ya faru, ka yi amfani da shi ka ga kowane ɗalibi minti goma sha biyar a kan aikinsa.

Mako na tara na cikin gidan kamfani ne, yadda uwar kamfani take zama da rassanta. Christopher Bartlett da Sumantra Ghoshal sun nazarci kamfanoni tara a aikinsu na 1989, kuma kwatancin Philips da Matsushita ya isa darasi guda: Philips ya sakar wa rassa mara har suka zama kamar masarautu, Matsushita (Panasonic na yanzu) ya riƙe komai a hedikwata. Mako na goma na kamfanonin ƙasashe masu tasowa ne. Lenovo na Sin ya karɓi sashen kwamfutocin IBM a 2005, Tata Motors na Indiya ya sayi Jaguar Land Rover a 2008, Geely na Sin ya sayi sashen motocin Volvo a 2010. Ka mayar da ajin ga Hymer: waɗannan fita suka yi da fifiko, ko fita suka yi neman fifiko? Wannan zama yakan fi kowanne zafi.

Mako na goma sha ɗaya haraji ne, kuma allo ya fi majigi amfani a ranar. Ka zana rassa biyu na kamfani ɗaya. Na farko yana ƙasa mai harajin kashi 30, yana ƙera kaya a kan dala 60. Na biyu yana ƙasa mai harajin kashi 10, yana sayar wa jama'a a kan dala 100. Idan na farko ya sayar wa ɗan'uwansa a kan 90, ribarsa 30 ce harajinsa 9, na biyu ribarsa 10 harajinsa 1, jimilla 10. Idan aka rubuta farashin 65, na farko zai biya 1.5, na biyu 3.5, jimilla 5. Kaya ɗaya, mai saye ɗaya, haraji ya ragu da rabi. Daga nan sai ka kawo ƙa'idar da ta ce rassa su yi ciniki kamar ba su san juna ba, da shirin BEPS na OECD na hana karkatar da riba don kauce wa haraji, da aka fara a 2013, da yarjejeniyar Oktoban 2021 ta mafi ƙarancin harajin kashi 15 a kan kamfanonin da cinikinsu na shekara ya kai Yuro miliyan 750. A nan ne mamakin Holan da Lukzambag yake warwarewa.

Mako na goma sha biyu na alhaki ne. Rushewar ginin Rana Plaza a Bangaladash ranar 24 ga Afrilu 2013, inda mutane fiye da 1,100 suka mutu suna ɗinka tufafin manyan kamfanonin waje da ba su mallaki masana'antun ba, tana nuna ɗaya fuskar tambayar kwas ɗin: idan kamfani ya zaɓi kada ya mallaka, alhakin ya sauka daga kansa ke nan? Ka haɗa da ƙa'idojin OECD na 1976 da aka sabunta a 2023, da na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan'adam na 2011. Makonni biyun ƙarshe na gabatarwa ne.

Maki da ranakun miƙa aiki

Ka raba aikin binciken gida-gida, kowane da ranarsa: sunan kamfani a mako na biyu, shafi biyun nan a na biyar, daftari a na goma, cikakken aiki mako ɗaya bayan gabatarwa, don su gyara da abin da aka faɗa musu. Rabon da nake yi shi ne 40 ga aikin bincike, 25 ga jarrabawa, 20 ga gajerun rubuce-rubuce, 15 ga magana a aji. Kafin ka buga ranakun, ka leƙa wurin malaman da ke koyar da ɗaliban nan a zangon, ka ji ranakun nasu. Na taɓa sa daftari a makon da wasu kwasa-kwasai biyu suka sa jarrabawa, abin da aka miƙo mini ba ya karantuwa, laifin kuma nawa ne. Ka duba naka lokacin ma: daftari ashirin, kowane minti arba'in, ya haura sa'a goma sha uku, kuma idan bai koma hannunsu cikin mako ɗaya ba amfaninsa ya wuce.

Makin magana a aji yakan jawo ƙorafi idan ba a rubuta shi a ranar ba. Ina riƙe da takarda mai sunaye, da an tashi sai in sa alama kafin in bar ɗakin.

Cikin zaman sa'a uku

Sa'a uku ta lakca zalla babu mai iya ɗauka. Nakan ba minti goma na farko ga ɗalibi ɗaya ya kawo labarin makon da ya shafi wani kamfani, ya ɗaura shi da abin da aka karanta. Minti hamsin na maƙalun, ɗalibai biyu da aka sa tun farkon zango su buɗe, ɗaya ya kare ɗaya ya soka. A huta minti goma sha biyar. Sa'a ɗaya ta labarin kamfani, kuma a fara da yanke shawara: da kai ne shugaban, ka shiga ko ka fasa? A ɗaga hannu, a ƙirga, sannan a yi gardama. Ragowar lokacin naka ne, ka ɗaure zaren, ka faɗi abin da za su nema a karatun mako mai zuwa. Tambayoyi uku da ka aika tare da karatun sun fi kowace barazana sa mutane karantawa.

Idan za ka gayyato baƙo daga wani kamfani ko hukumar haraji, ka sa shi bayan mako na bakwai, lokacin da ɗalibai suka iya tambaya, kuma ka tanadi abin da za ka yi idan ya fasa zuwa da safiyar ranar.

Takardar manhaja

Duk wannan ka zuba shi a takarda ɗaya da ba ta wuce shafi shida ba: tambayar kwas, abin da ɗalibi zai iya yi a ƙarshe, jadawalin makonni da kwanan wata na ainihi, karatun dole daban da na ƙari, rabon maki, hukuncin makara, da matsayinka kan amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen rubutu. Wannan na ƙarshe ka faɗe shi ƙarara. Ni nakan yarda a nemi bayani da su, amma kowane adadi sai an nuna shafin rahoton da aka samo shi, kuma nakan yi wa kowa tambayoyi da baki ranar gabatarwa. Ka gwada da kanka ko ɗakin karatu yana buɗe kowace maƙala da ka sa, domin wasu labaran kamfanoni na sayarwa ne kuma sai an nemi izini da wuri. Ka aika takardar mako biyu kafin a fara.

Akwai kwafi na biyu da ba na ba kowa. A gefen kowane mako nakan rubuta layi biyu da an tashi daga aji: abin da ya ci lokaci, maƙalar da babu wanda ya gane, tambayar da ta tayar da ajin. A kwafin bara, gefen mako na huɗu, na rubuta: "Cinikin lasisi ya yi, amma a fara da shi kafin Coase." Bana haka na jera shi.